Ruwan Rijiya a Motar Alhaji

Ranar Asabar ta biyu a watan Yuni na shekarar 1997, da hantsi, ina tsaye cikin taɓo a wani gareji a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, riƙe da littafin lissafina na makaranta da guntun fensir, idona a kan allurar wani ɗan agogo da aka ɗaura a jikin injin motar kakana. An kwana ana ruwa, rumfar kwanon tana ɗiga a kafaɗata, takalmina na roba kuwa ya nutse har ina jin sanyin laka a tsakanin yatsuna. Bakaniken, wani dogon dattijo da muke kira Tonton Isufu, gilashin idonsa ya fashe a makon, shi ya sa ya waiwayo ya ce, "Ke 'yar lakwal, 'yar makaranta, matso ki karanta mana." Shekarata goma sha ɗaya, ban taɓa ɗaga murya a gaban manyan maza ba. Abu ɗaya ya kawo mu garejin: a san ko motar nan za ta iya kai kakana garinsu Gwarzo kafin rai ya yi halinsa.

A unguwar Treichville aka haife ni, a wani babban gida mai tsakar gida ɗaya da ƙofa goma sha ɗaya. Mu Hausawa muna da ɗaki uku a gabas. Sauran ɗakunan akwai Julawa masu goro, da wata 'yar ƙabilar Baule mai soya ayabar da ake kira aloko a ƙofar gida, da wani tela ɗan Kwatano da kekensa ba ya hutawa. Jiniyar jiragen ruwa daga tasha ce ke fara tashinmu, wani lokaci tun kafin ladan, daga nan sai ƙarar bokitai da hayaƙin gawayi, da warin laguna, tafkin nan mai haɗe da teku, idan iska ta juyo. Yaran gidan suna tsallen roba da 'yar gala-gala a kan simintin da ya tsattsage, ni kuwa galibi ina bakin ƙofar Inna, mahaifiyata, da duwatsuna biyar ina carafke ni kaɗai, ina kallon kowa. Na san wadda ke ɗibar gawayin maƙwabciyarta, na san ranar da telan bai ɗora tukunya ba, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Inna takan ce wa baƙi, "Rakiya ai ido ce, ba baki ba," kuma cikin yabo take faɗa.

Kakana, mahaifin Baba, kowa Alhaji yake ce masa. Fataucin goro ne ya kawo shi Abidjan yana saurayi, daga baya ya koma shigo da atamfa da kwanuka ta tashar jiragen ruwa. Motar ya saye ta sabuwa tun kafin a yi wa Baba kaciya: ƙirar Faransa ce, launin madara, kujerunta ja, giyarta a jikin sitiyari. Sau shida ya tuƙa ta zuwa Gwarzo ya dawo, ta Gana da Togo da Kwatano, kuma yana iya lissafa maka kowane zango da ya kwana da sunan mai masaukinsa. Da ƙafafunsa suka yi rauni sai aka kafa mata rumfa kusa da ƙofar gida. Mutanen unguwa suna kiran ta La Vieille, wato tsohuwa. Ba ta zuwa ko'ina, amma kullum bayan sallar asuba Baba zai tayar da ita ta yi ƙugi na ɗan lokaci, Alhaji yana zaune a kujerarsa ta katako da carbi, yana saurare kamar mai jin karatun ɗalibi.

Lagireton motar yana da 'yar yoyo da ba a taɓa gano wurinta ba, don haka kullum sai an ƙara masa ruwa kafin a tayar. Ranar da na cika shekara tara Alhaji ya miƙo mini wata koriyar buta, ya ce daga yau ya naɗa ni Sarkin Ruwa. Ya sa aka ajiye mini bulo biyu in riƙa takawa don in kai bakin lagireton. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, yana kaɗa yatsa: "Ruwan famfo kaɗai, ranka ya daɗe. Rijiyar gidan nan 'yar uwar laguna ce." Gaskiya ya faɗa. Ruwan rijiyarmu yana da ɗanɗanon gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wankin bayan gida da yayyafa tsakar gida kawai ake yi da shi.

Famfo kuwa ɗaya ne ga ɗaki goma sha ɗaya, kuma da safe ne yake zuwa da ƙarfi. Layin bokitai yakan kai har ƙofar telan. Ba a bin layin da adalci, wadda ta fi baki ita ke gaba. Sai in tsaya da 'yar butata, wata ta ture ni da ƙugu, wata ta ce, "Petite, bari in tara wannan tukuna," ni kuma in matsa. Sau uku a mako ɗaya na makara a makaranta saboda haka, Madam, malamarmu, ta sa ni durƙuso a kan tsakuwa da hannuwa sama, 'yan ajinmu suna leƙe ta taga. A rana ta huɗu na zaga bayan ɗakin girki, na jefa guga a rijiya, na cika butar, na zuba. Motar ta tashi kamar kullum. Alhaji ya gyaɗa kai. Na isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Washegari na sake, jibi ma haka, har abin ya zama hanyata. Shekara biyu ina yi.

Ni ce na fara ganin alamun, domin ni kaɗai ke leƙa cikin motar kullum. Da farko rabin buta ke isar ta, sai ta koma shan buta guda, sannan buta da rabi. Bakin lagireton ya fara tara wani farin ɓawo kamar kanwa, ina kankare shi da farce in share da gefen zanena. Wata safiya na manta ban rufe murfin ba Baba ya tayar, sai na ga ruwan yana ɓulɓulo da ƙananan kumfa, ɗaya bayan ɗaya, kamar kifi na numfashi a ƙasa. Hayaƙin salansa ya koma fari, yana daɗewa bai watse ba. Kuma idan aka tayar da ita da sanyin safiya sai ta yi ta rawar jiki, kamar mai ɗingishi, kafin ta daidaita. Alhaji ya ji wannan ɗingishin da kunnensa, ya ce fulogi ne, aka sake fulogai. Na so in yi magana. Na sha tsara kalmomin a hanyar makaranta, da Faransanci da Hausa, amma duk yadda na juya su sai sun bi ta bakin rijiya, sai in haɗiye.

A farkon daminar shekarar ciwon ciki ya kwantar da Alhaji. Aka kai shi asibiti, ya yi kwana goma sha biyu, aka sallamo shi da ledar magunguna da wata magana da likita ya faɗa wa Baba a baranda. Ba wanda ya gaya mana, amma mun ga Inna ta daina kunna rediyo. Alhaji da kansa ya tara mutanen gidan ya ce yana so a kai shi Gwarzo, a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa. Baba ya kawo maganar jirgin sama. Alhaji ya ce jirgi ba ya tsayawa a zangon Akra, inda ƙaninsa ke kwance, kuma ba zai wuce kabarin ɗan'uwansa ta sararin sama ba. "A shimfiɗa mini katifa a kujerar bayan motata," in ji shi. "Ta san hanya." Aka sa ranar Alhamis. Baba ya ce kafin nan bari a kai ta wurin Isufu ya dudduba, Alhaji kuma ya ce a tafi da Sarkin Ruwa da jarka, ko za ta ji ƙishirwa a hanya.

Ta kuwa ji. A kan gadar laguna, ƙananan bas-bas na haya da ake kira gbaka suna ta danna mana oda, ta fara tari, ta kasa jan ko ɗan hawan da ke gaban unguwar Plateau sai da Baba ya mayar da ita giya ta ɗaya. Sau biyu muka tsaya na ƙara ruwa. Baba yana ta cewa kafireto ne, datti ne kawai, yana faɗa wa gilashin gaba, ba ni ba.

Tonton Isufu haifaffen Adjamé ne, mahaifinsa mutumin Maraɗi, Hausarsa rabi Faransanci. Bai taɓa kafireton ba. Ya sa kunne a jikin injin, ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina, sannan ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna wa Baba cikinsa: wani abu ne mai kauri, launin kunun gyaɗa. Ya kwance fulogai huɗun ya jera su a kan tsumma bisa tsarinsu. Na fari da na huɗu baƙi ƙirin, na biyu da na uku fes, kamar an wanke su. Ya ce wa Baba, "Grand frère, injin nan ɗaki huɗu gare shi. Kowane ɗaki sai ya riƙe numfashinsa ƙam kafin wuta ta kama. Wanda ya saki numfashi, ba shi da ƙarfi. Yanzu za mu tambaye su ɗaya-ɗaya." Ya cire wayar wuta, ya ɗaura agogon a ramin fulogi na farko, ya ce Baba ya take totur har ƙasa ya murza makulli, kada ya saki sai ya ɗaga hannu.

Injin ya juya sau shida, allurar tana tsalle tana hawa, ta tsaya. Na karanta da Faransanci, domin da shi na iya ƙirga: tara. Na rubuta a bayan littafin, wanda na taho da shi ne don jarrabawa ta kusa. Ɗaki na biyu allurar ta hau da ƙyar, huɗu. Na uku, uku da rabi. Na huɗu, takwas da rabi. Tonton ya sa na maimaita na tsakiyan, sannan ya aika aka kawo cokalin shayi. Ya ce numfashi ƙofa uku yake bi ya gudu: ta ƙasa idan ringin fistin ya cinye, ta sama idan bawul bai rufe ba, ko ta gefe idan gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya huje. Ya zuba cokali guda na baƙin mai a rami na biyu, ya ce man zai toshe ƙofar ƙasa na ɗan lokaci, in allura ta tashi to ringi ne. Baba ya murza. Huɗu. Aka zuba a na uku. Uku da rabi, ko motsi ba ta ƙara ba. Tonton ya goge hannunsa ya ce maƙwabta biyu ba sa kamuwa da ciwo ɗaya rana ɗaya sai in katangar tsakaninsu ce ta faɗi. "In gaskit ne kaɗai, Talata ka zo ka ɗauki abarka."

Baba ya yi hamdala da ƙarfi. Ya saya mini aceke, wato dambun rogo, da kifi a ganye, muka zauna a benci muna jiran injin ya huce. Na ci loma biyu na kasa.

Bayan azahar aka kwance kusoshin, mutum biyu suka ɗaga kan injin, wanda Tonton ke kira kulas, suka kifar da shi a kan tebur. Gaskit ɗin ya huje a tsakanin na biyu da na uku, kamar yadda ya faɗa. Amma da ya ɓamɓare shi, sai ga ƙarfen da ke ƙasa duk ramuka, kamar gara ta ci katako, hanyoyin ruwan kuma sun toshe da farin ɓawon nan da na sani. Ya sa sukundireba ya ɗan danna, wani yanki ya rufta. Ya lakato ɓawon da yatsa ya ɗora a harshe, ya tofar. Sannan ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wa ke ba motar nan ruwa?" Baba ya ce yarinyar nan ce, kuma ruwan famfo take zubawa, Alhaji ba ya wasa da wannan. Tonton ya ce ruwan famfo ba ya yin haka ko a shekara talatin. A lokacin ne na ji muryata, siririya kamar ba tawa ba, tana cewa, "Na rijiya ne." Baba ya juyo. Na ce tun ina aji uku. Na faɗi maganar kumfa da farin hayaƙi da buta da rabi, duk na zazzage su a tsaye a wurin, ina kallon laka. Tonton ya ce a hankali, "Ma fille, 'yata, da kin faɗi wannan bara, aikin yini ɗaya ne."

Baba bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. A gbaka muka koma, ya zauna kusa da taga da jarkar a kan cinyarsa, har muka tsallaka gada bai dube ni ba. Da duka ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kulas ɗin ba ya gyaruwa, sai dai a nemo wani, kuma an daɗe da daina kawo irinsa. Baba ya rufe shago ya shiga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Adjamé, kullum ya dawo da wandonsa baƙi har gwiwa. Aka samo ɗaya a tsage. Aka samo wani na ƙaramin inji. Aka ce akwai wani tsohon direban tasi a unguwar Abobo da ke da irinta a bayan gida, aka je aka tarar ya mayar da ita akurkin kaji, injin kuma an daɗe da sayarwa. Alhamis ta zo ta wuce. Baba ya samo motar haya mai kyau da direba, ya durƙusa gaban Alhaji yana roƙo. Alhaji ya ce motar haya sauri take yi, ba ta san inda mutum ke son tsayawa ba, a ƙara mako ɗaya. Baba bai gaya masa abin da ya ci injin ba. Ya ce tsufa ne.

Ni ce na gaya masa. Wata la'asar Inna ta aike ni da kunu ɗakinsa. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce ƙasarka ba lafiya." Na ajiye kwanon, na durƙusa, na fara magana da Faransanci, domin da shi abu mai nauyi ya fi fita daga bakina. Ya ɗaga hannu ya ce, "Faɗa da Hausa, ba ni da tafinta." Na faɗa da Hausa. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, ashe dariya yake yi, marar sauti, mai ciwo. Ya ce shi ma shekara goma ya yi yana shan rijiyar nan kafin a kawo famfo. "Ashe ni da ita abu ɗaya ya ci mu." Sannan ya tambaye ni wace ce ke ture ni a layi. Na yi shiru. Ya ce, "To, wannan shirun na yarda da shi," ya sa na ba shi kunun da cokali. Ya sha uku.

A ƙarshen mako na biyu ya yarda da motar haya. Amma a ranar da direban ya zo, maza huɗu suka gwada ɗaga shi da katifarsa, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba, aka mayar da shi. Limamin unguwa ya ce wa Baba mutumin nan ba zai kai ko iyakar Gana ba, kada a sa ya cika a hannun 'yan kwastan. Ya ƙara kwana huɗu. Ranar Laraba da walaha ya cika, fuskarsa tana duban bango. Aka binne shi a maƙabartar Koumassi, cikin ƙasa mai yashi da ruwa ke tsattsafowa tun kafin a gama haƙa, tsakanin mutanen da bai sani ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan jana'iza, Tonton Isufu ya shigo layinmu da motar. An samo kulas daga garin Bouaké. Ya ce ya sake aunawa, ɗakuna huɗun duk tara-tara. Ta tsaya a ƙofar gida tana aiki sumul, ba tari ba rawar jiki, ban taɓa jin muryarta da daɗi haka ba. Matan gidan suka fito suka tsaya. Ba wanda ya yi barka. Baba ya karɓi makullin ya kashe ta, ya shiga ɗaki. Bayan sadakar arba'in ya aika wa Tonton cewa ya zo ya ɗauke ta, ya bar masa.

Yanzu ina da tawa motar, 'yar ƙarama, kuma idan ta yi ciwo wani matashi ne ke soka mata waya a ƙarƙashin sitiyari, na'ura ta faɗa masa komai kafin in gama amsa gaisuwa. An rushe gidanmu na Treichville an yi bene mai shaguna a ƙasa. Baba ya tsufa a wurina, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Cikinmu ba wanda ya je Gwarzo. 'Yata ta fari shekararta goma sha ɗaya, bakinta ba ya rufuwa: ta ga tukunyar gas tana wari, ta ga kakanta ya ɓoye maganinsa a ƙarƙashin matashi, ta faɗa a gaban kowa, ko da baƙi. Inna takan harare ta, ta ce yaran yanzu ba su da ta ido. Ni kuwa sai in ji ina kewar yarinyar da ba ta samu wannan bakin ba, da tsohon da ya yi mata dariya a lokacin da ya kamata ya yi fushi. Akwai shirun da ba ladabi ba ne, amma ni sai da aka yi jana'iza na gane.